Takalmin Uwargida: Furen Da Ya Yi Saura Tilo A Ƙasar Ingila

Akwai wani gangaren dutse a yankin Yorkshire, can arewacin Ingila, wanda ba a rubuta sunansa a jarida. Waɗanda suka san wurin ba su da yawa, kuma sun saba da kama bakinsu. Shekara da shekaru, in bazarar ƙasar ta kama, sai a tura mai gadi ya tare a gefen dajin, ya kwana ya tashi a nan har makonni su shuɗe. Abin da yake gadi tsiro ne guda ɗaya wanda tsayinsa bai wuce gwiwar mutum ba. Ganyensa fala-fala, furensa kuma ja ne mai duhu kamar zoɓo ya jiƙu, da wata 'yar jaka ruwan ɗorawa a tsakiya mai kama da takalmin ƙafa-ciki. Saboda wannan jaka Turawa suka raɗa masa suna takalmin uwargida, masana tsirrai kuma suna ce masa Cypripedium calceolus.

Tun daga 1930 har kusan ƙarshen ƙarnin da ya wuce, wannan gindi ɗaya shi ne kaɗai aka sani ya rage a daji a duk faɗin Birtaniya.

Mai karatu zai iya cewa, fure fa? Mutane na fama da abin kaiwa bakin salati, wasu na can suna biyan mai gadin fure? Tambayar ba ta wauta ba ce, kuma zan dawo kanta. Amma labarin wannan tsiro ya cancanci a ji shi, domin yana nuna yadda abu ke ƙarewa a hannun masu son sa, da irin wahalar da ake sha kafin a maido da shi.

Takalmin uwargida ɗan gidan okid ne, wani babban dangi na tsirrai mai nau'i kusan dubu 28. Ban da nahiyar ƙanƙara ta Antatika, babu nahiyar da ba su tsiro. Mafi yawansu a ƙasashe masu zafi suke, inda suke maƙale a rassan itatuwa. Wanda ya gan su zai zaci kauci ne, alhali ba sa tsotsar komai daga jikin bishiyar, wurin zama kawai suke ara. Wasu kuma a ƙasa suke, da saiwa mai ƙwai kamar rizga. Ko a nan Najeriya muna da su: dangin Eulophia na fitowa a cikin ciyawa da farkon damina, Ansellia africana mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa kuma tana zama a kan bishiya. Duk wanda ya taɓa shan askirim ko cin kek mai ƙamshin banila ya ɗanɗani ɗan gidan nan, ko kuwa kwaikwayon ƙamshinsa, domin banila ta asali daga kwanson wani okid ake samun ta.

Son da ya zama ajali

Rubutu na farko da ya ambaci takalmin uwargida a Ingila ya fito a 1629, cikin littafin wani mai haɗa magunguna na Landan, John Parkinson. Ya ce ana samun sa a wani daji kusa da dutsen Ingleborough, kuma wata baiwar Allah mai son furanni, Thomasin Tunstall, ta sha aiko masa da saiwarsa, har ya yi fure a lambunsa. Wato ranar da furen ya shiga littafi, a ranar aka rubuta cewa ana tone shi.

Shekara ɗari biyu ana haka a hankali. Sai zamanin Sarauniya Biktoriya ya zo, masu hannu da shuni na Ingila suka kamu da zazzaɓin okid. Attajirai suka giggina ɗakunan gilashi, 'yan kasuwa irin su Frederick Sander suka riƙa tura mafarautan furanni zuwa Kudancin Amurka da Asiya, ana cika jiragen ruwa da tsirrai waɗanda yawancinsu ke ruɓewa kafin a iso. Na gida ma bai tsira ba. Ƙauyawa suka gane akwai kuɗi a gangaren duwatsunsu, suka riƙa tono takalmin uwargida da saiwarsa suna kaiwa kasuwa. Masana su ma ba su wanke hannunsu ba: kowa na so ya busar da nasa a tsakanin takardu, ya rubuta rana da wuri a ƙasa, ya adana. Ga tumaki sun ƙaru suna kiwo a inda da babu su, ga dazuzzuka ana sarewa. A 1917 aka ayyana cewa furen ya ƙare a Birtaniya.

Bayan shekara goma sha uku aka yi kiciɓis da gindi ɗaya a wancan gangare. Waɗanda suka san da shi suka yi shiru. A wajajen 1970 aka kafa wani ɗan kwamiti, Kwamitin Cypripedium, wanda ba shi da wani aiki sai kula da wannan tsiro. Dokar kare namun daji da tsirrai ta 1981 ta haramta tsinkarsa ko tone shi. An yi masa shinge, an hana baƙi zuwa, har masana ma roƙonsu aka yi da su haƙura, domin takun ƙafa kaɗai na danƙare ƙasar da saiwarsa ke ciki.

Gadi dai yana hana ɓarawo. Amma tsiron ya ci gaba da zama shi kaɗai kamar gwauron dutse, ba ɗa ba jika. Tsawon ransa ne ya cece shi, domin gindi ɗaya na iya haura shekara ɗari yana tohowa daga saiwa. Kowa ya san rana ɗaya tak, ko fari, ko cuta, ko wani mai haƙa da dare, ta isa ta rufe babin.

Iri mai kama da ƙura

Me ya hana a ɗebi irinsa a shuka kamar yadda ake yi wa gero? A nan gizo ke saƙar.

Ƙwayar gero ko ta wake tana zuwa duniya da guzurinta. Garin da muke tuƙa tuwo da shi abincin ɗan tsiro ne, wanda zai ci har ya fid da ganye ya fara ciyar da kansa. Irin okid ba shi da wannan guzuri ko kaɗan. Ƙura ce zalla, iska ke kwasar ta. Manomin da ya taɓa murza kan ƙuduji a tafin hannunsa ya san irin ƙanƙantar da ake nufi. Charles Darwin, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan okid a 1862, ya lissafa kimanin ƙwaya 6,200 a kwanso ɗaya na wani nau'in Ingila, ya kuma yi hasashen cewa da duk za su tsiro, da tattaɓa-kunnen gindi ɗaya sun kusa rufe doron ƙasa baki ɗaya. Akwai na ƙasashe masu zafi da kwansonsu ke ɗauke da ƙwaya sama da miliyan uku.

Amma ba sa tsirowa, sai ɗaya cikin dubbai. Wani matashin masani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya gano dalili a 1899. Ƙwayar okid ba ta motsi sai ta faɗa inda wata irin fumfuna take, mai zare-zare siriri a cikin ƙasa, 'yar uwar naman kaza. Zaren fumfunar ya huda ƙwayar ya shiga, ita kuma maimakon ta ruɓe sai ta riƙa narkar da shi tana ci. Uwar goyo ke nan. Ɗan tsiron takalmin uwargida yakan yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa a wannan hali kafin ya leƙo da ganyen fari. Kuma ba kowace fumfuna ce ke karɓar goyon ba. Nau'o'i da yawa suna da tasu da suka saba da ita.

Kafin ma a kai ga iri, sai an yi barbara, ita ma da nata sharaɗin. Furen takalmin uwargida ba shi da zuma ko ɗigo, yaudara yake yi. Ƙamshi da launi su jawo wasu ƙananan ƙudan zuma masu zaman kaɗaici, waɗanda ke haƙa rami a ƙasa. Ƙudan ya sauka a bakin jakar, santsi ya kwashe shi ya faɗa ciki. Ba hanyar fita sai ta wasu 'yan kafofi biyu na baya, kuma kafin ya matse ya fita sai ya goga bayansa a inda garin barbara yake. In ya manta wuya ya sake faɗawa wani furen, aiki ya yi. To, in fure ɗaya ne a duk ƙasar, wa zai kai wa wa? Dole masu kula da shi suka koma yin barbarar da hannu, kamar yadda manoman dabino ke hawa su saka furen namiji a cikin na mace.

Ruwan abarba da abincin jarirai

Hanyar kauce wa fumfuna ta samu tun 1922, lokacin da Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa in aka tsabtace irin okid, aka zuba shi a kan wani kunu mai daskarewa da aka haɗa da sukari da gishirin ma'adinai, aka rufe cikin kwalba, zai tsiro. Wannan dabara ce ta sa okid ɗin da a da sai ɗan sarauta ke mallaka ya koma abin da ake sayarwa a kantuna da araha. Sai dai takalmin uwargida ya ƙi. A 1983 Sir Robert Sainsbury da matarsa Lisa, na gidan masu manyan kantunan nan na Birtaniya, suka ba da kuɗi aka buɗe shirin raya okid a lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan. Ma'aikatan suka yi nasara a kan nau'o'i da dama ta hanyar haɗa iri da fumfunarsa a kwalba. Na takalmin uwargida kuwa, an nemi fumfunar da za ta yi masa goyo an rasa, irin da ya nuna kuma ya yi kememe.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Svante Malmgren, wanda renon okid abin sha'awarsa ne bayan ya tashi daga aiki, ya daɗe yana gwaje-gwaje a gida. Haɗinsa ya ƙunshi ruwan abarba da wani ruwan gina jiki da asibitoci ke ɗura wa jarirai ta jijiya. Sai kuma dabara ta biyu: kada a jira kwanso ya bushe. In iri ya nuna sarai, yakan yi ɓawo mai hana ruwa shiga, ya shiga dogon barci. In aka tsinke kwanson yana ɗanye, makonni kaɗan bayan barbara, ƙwayar ba ta riga ta rufe ƙofarta ba. Da aka bi wannan hanya a Kew, sai kwalabe suka fara cika da 'yan tsirrai farare.

Ina son wannan gaɓa ta labarin, domin tana rage wa masu digiri girman kai. Babbar cibiyar tsirrai ta duniya ta koyi sirrin aikinta daga likitan da ke wasa da kwalabe a lokacin hutunsa, kuma ba ta ji kunyar karɓa ba.

Akwai wani abin mamakin kuma. Gindi ɗaya in ya yi ta barbarar kansa, zuriyarsa takan yi rauni, kamar auren zumuncin da ya yi yawa. Ana buƙatar wani jini. Sai aka bi lambunan mutane ana neman tsofaffin gindin da kakanni suka tono daga dajin Ingila. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka yi a Kew ya tantance waɗanda 'yan ƙasa ne da waɗanda baƙi ne daga wasu sassan Turai. Da garin barbarar 'yan ƙasar aka haɗa da na dajin. Wato kayan da aka sato jiya su suka taimaka aka cike giɓin satar. Shi kuwa sanannen gindin nan na filin wasan golf a Silverdale, cikin Lancashire, wanda aka taɓa yanka har 'yan sanda suka sa masa ido a 2010, gwaji ya nuna alamar asalinsa daga ƙetare yake.

Daga kwalba zuwa daji

Fitar da tsiro daga kwalba kamar yaye ne, kuma a nan aka fi asara. Ɗan da ya saba da sukari a ɗaki mai tsabta sai ga shi a ƙasa mai sanyi da ƙwari. Sai an saka shi a firji na wasu watanni ya ɗanɗani hunturun ƙarya, sannan a dasa a tukunya, a yi renonsa shekaru. 'Yan farko da aka kai daji a ƙarshen shekarun 1980 ƙanana ne ainun. Dodon koɗi da 'yan uwansa marasa ƙoƙo suka yi ta lashe su cikin dare, ɓeraye na cin saiwa, zomaye na gutsurar ganye. Daga baya aka gane gara a riƙe su a tukunya har su yi ƙwari. Sai a shekarar 2000 ɗaya daga cikin dashen farko ya yi fure. A lissafa: shekara goma sha bakwai daga buɗe shirin Kew, shekara saba'in daga ranar da aka gano gindin.

Daga nan aka yi ta dasawa a wurare daban-daban na arewacin Ingila masu ƙasar farar ƙasa da inuwa kaɗan-kaɗan, wasu a ɓoye, wasu a fili don jama'a su gani su ƙyale na ɓoyen. Furanni suka yi kyau, masu ɗaukar hoto suka yi ta zuwa. Amma masu aikin sun san ba a gama ba. Duk gindin da ke tsaye hannun mutum ne ya haife shi, hannun mutum ya dasa shi. Wannan lambu ne a cikin daji. Abin da ake jira shi ne ranar da ƙudan zai yi barbara da kansa, iska ta kwashi ƙurar, ƙwaya ɗaya ta faɗa kan fumfunar da ta dace, ta yi shekarunta a duhu, ta fito ba da sanin kowa ba.

A watan Yunin 2025 ƙungiyar Yorkshire Wildlife Trust, wadda ke jagorantar aikin tare da Kew da hukumar Natural England da wasu, ta ba da sanarwar cewa a shekarar da ta gabata an tarar da sabon tsiro a ɗaya daga cikin wuraren dashen, wanda babu wanda ya shuka shi. Shi ne na farko da aka sani ya tsiro da kansa a dajin ƙasar cikin kusan shekara ɗari.

Waɗanda ba su da mai gadi

Yanzu bari in koma kan tambayar da na ajiye. Gaskiyar magana, takalmin uwargida bai kusa ƙarewa a duniya ba. Yana nan daga Turai har Siberiya da gabashin Asiya, ko da yake ya ja baya a wurare da yawa. Turawan Ingila nasu na gida suke ceto, kuma suna da kuɗin yin hakan. Amfanin aikinsu ga sauran duniya shi ne ilimin da aka samu, da kuma sanin farashin gyara: fiye da rabin ƙarni na gadi, da ɗakin bincike, da masu sa kai, kafin a samu tsiro ɗaya da ya fito da kansa. Ƙasashen da suka fi yawan okid ba su da wannan hali, kuma a can ɓarnar ta fi sauri.

A 2010 aka bayyana wani sabon nau'i mai jaka a arewacin Biyetnam, Paphiopedilum canhii. Cikin watanni masu tono suka kusa share shi daga duwatsun da yake. Ga dokar ƙasa da ƙasa ta CITES kan cinikin namun daji da tsirrai, wadda ta fara aiki a 1975, ta sanya dukan dangin okid ƙarƙashin sa ido, har su ne sama da kashi 70 cikin ɗari na nau'o'in da ke jerinta. Amma yau ciniki ya koma waya: a ɗora hoto a Facebook, a tura kuɗi, a aiko da saiwa cikin kwali.

A wasu wuraren kuma ciki ne ke tone su. A Turkiyya ana busar da ƙwan saiwar okid a niƙa, a yi garin salep da ake damawa da madara a sha lokacin sanyi, shi ne sahlab na ƙasashen Larabawa, ko da yake mafi yawan na kasuwa yanzu garin sitaci ne da ƙamshi. Kilo ɗaya na garin asali na cin saiwa dubu ko fiye. A Zambiya akwai chikanda, abincin Bemba na gargajiya, wanda ake haɗa garin saiwar okid da na gyaɗa da barkono a dafa har ya daskare a yanka. Da abincin ƙauye ne, sai birni ya karɓe shi. Da na Zambiya ya yi ƙaranci, masu saye suka tsallaka iyaka. Wani bincike da Tim Davenport da Henry Ndangalasi suka wallafa a 2003 ya ƙiyasta cewa saiwa miliyan 2 zuwa 4 ke fita daga kudancin Tanzaniya zuwa Zambiya duk shekara. Masu tonon galibi mata ne da yara, cikinsu har da marayu, waɗanda ba su da wata hanyar samun kuɗi. Wanda zai ɗora musu laifi sai ya fara gaya musu abin da za su ci.

Tanzaniya ta ɗauki mataki a 2005, ta mai da tudun Kitulo gandun ƙasa. Mutanen yankin na kiransa Lambun Allah, kuma shi ne gandu na farko a Afirka mai zafi da aka kafa musamman saboda furanni, ba don giwa ko zaki ba. A ganina wannan ya fi kusa da abin da ƙasashe irin namu za su iya: a bar wuri da ƙasarsa da ƙwarinsa da fumfunarsa tun suna tare. Kwalba tana iya ba ka tsiro dubu, amma ba a ƙera ƙudan barbara a ɗakin bincike, ba a kuma sayo ƙasar da ta shekara ɗaruruwa ba a taɓa ta ba. Mu ma nan muna da masu saiwa da sassaƙe, kuma duk wanda ke bin kasuwar magani ya ji suna cewa abin da a da ake samu a bayan gari yanzu sai an yi tafiya mai nisa. Tsohon mai magani yakan ɗebi gefe ya mai da ƙasa ya rufe; mai cika buhu don mota ba ya barin komai.

Can Yorkshire kuwa, tsohon gindin na nan a gangarensa, sabon ɗan tsiron ma ba a faɗi inda yake ba. In ya tsallake dodon koɗi da ɓera, sai ya ƙara wasu shekaru kafin ya yi furen fari. Mai son ganin takalmin uwargida da idonsa, ana tura shi Kilnsey Park, inda aka dasa wasu don baƙi, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni.